Turaren da Na Shafa wa Muryar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da rusau ya iso ɓangarenmu na unguwar Nakkasa a Makka, na dawo daga sallar La'asar na tarar an shafa jan fenti a bangon gidanmu. Ban iya karatu ba, amma wannan kalmar kowa a kan dutsen nan ya san siffarta. Izala. Za a rushe.

Ban je wajen kowa kai kuka ba. An tashe ni daga wurare da yawa kafin nan. Na ce wa matata ta fara ɗaure kaya. Mijin babbar 'yarmu ya samo mana ɗakuna biyu a Rusaifa.

Kayanmu ba su da yawa. Abu ɗaya ne ban yarda kowa ya taɓa ba. Wani tsohon gwangwanin shayi ne, a cikinsa akwai ɗankwalin mahaifiyata, a cikin ɗankwalin akwai kaset ɗaya.

Bari in faɗi yadda aka yi kaset ɗin nan, don 'yan yanzu ba su san abin ba.

Daga ƙasar Haɗeja muka taso ina da kamar shekara tara. Mu biyar ne. Ta Chadi muka bi muka shiga Sudan, mu tsaya mu yi aikin gona mu ci, mu ƙara gaba. Shekara huɗu muka yi a hanya. Mahaifina ya rasu a gonar auduga. Ƙannena biyu, ɗaya ya riga shi, ɗaya ta bi bayansa. Ni da mahaifiyata muka tsallake teku. Ita ta kama tuyar ƙosai tana sayar wa alhazai. Ni da na yi ƙarfi sai na shiga ɗaukar gadon ɗawafi. A lokacin gado ne na katako, a ɗora tsoho ko marar lafiya, mu huɗu mu ɗauka a ka mu zagaya Ka'aba sau bakwai, mu sauke, mu ɗauki wani.

Mahaifiyata ta bar ƙanwa ɗaya a gida. Dukansu biyu ba su iya rubutu ba, sai kaset. In alhazan ƙasarmu za su koma, sai ta ari rakoda a maƙwabta, ta kore ni waje, ta rufe ƙofa, ta yi ta magana har fuska ɗaya ta kaset ta cika. A ba wani alhaji ya kai. Ƙanwar ta saurara, ta juya ɗaya fuskar ta ba da amsa, ta ajiye sai baɗi ta ba wani maniyyaci ya kawo. In ya iso, mahaifiyata ta ji amsar, sannan ta ɗora sabuwar magana a kan tsohuwar tata. Haka kowa yake yi a unguwarmu. Kaset ɗaya ne yake tafiya yana dawowa, maganar bana ta share ta bara. Ba wanda ya yi tunanin ajiyewa. Wa yake ajiye gaisuwa?

A shekarar ƙarshe kaset ya tafi tana da rai, ya dawo wata huɗu bayan mun binne ta. Ba wanda ya ɗora wata magana a kai. Abin da ya sa ya tsira ke nan.

Sau ɗaya na saka shi a rakoda. Na ji ta yi sallama, ta kira sunan ƙanwarta, sai na kashe. Na kasa. Na ce sai na ƙara ƙarfi tukuna. Bayan 'yan watanni rakodar nan ta cinye wani kaset na wa'azi a gabana, ta tauna zaren ta tofo shi. Daga ranar na yi alkawari nawa ba zai sake shiga cikin wata na'ura ba.

Amma ina kula da shi, a ganina. Duk Sallah, ƙarama da babba, in na gama shafa turare a rigata sai in buɗe gwangwanin. In ɗiga turaren udu a ɗankwalin, in shafa kaɗan a jikin kaset ɗin, in turara shi da turaren wuta, in mayar. Mu abin da muke girmamawa turare muke sa masa. Shekara talatin da wani abu ina yin haka, ina ganin ba ɗan da ya kai ni riƙon amana.

Ina da aboki, tela ne a Utaibiyya. Haifaffen nan ne, kakansa ne ya zo a ƙafa, Hausarsa rabi Larabci ce. Mun kai shekara arba'in tare. Shi bakinsa ba ya rufuwa, ni nawa ba ya buɗewa, ban san yadda aka yi muka zauna ba. Na je shagonsa a satin nan ya ɗinke mini wasu buhuna da za mu zuba kaya.

"An shafa muku?" ya tambaya.

"An shafa."

"Kwana nawa suka ba ku?"

"Wata biyu."

Ya ajiye almakashi. Ya ce babbar 'yarsa, wadda take koyarwa a makaranta, tana wani aiki ita da ƙawayenta biyu. Suna bin gidajen da za a rushe suna ɗaukar hoton lunguna, suna zama da tsofaffi su ba da labarin zuwansu, suna karɓar tsofaffin hotuna da kaset su juya su a kwamfuta su mayar wa masu su. Ta ce in mutanen dutsen nan suka watse, shi ke nan, ba mai sake haɗa su.

"Na gaya mata kana da guda," ya ce.

"Wa ya aike ka?"

"Ba wanda ya aike ni. Bakina ne."

"To ka je ka mayar da maganar inda ka ɗauko ta."

"Ya sheikh, tare za a binne ku da kaset ɗin nan?"

"In akwai wuri."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba.

Ina da dalilina. Na ga abin da waya take yi wa mutane. Akwai wata tsohuwa a lungunmu, wani cikin danginta ya ɗauke ta tana waƙar daka, don wasa. Bayan ta rasu abin ya bazu. An ɗora masa kiɗa. Na ji da kunnena a shagon aski, ƙarti suna kallo suna dariya. Mahaifiyata ko gaban maƙwabci ba ta ɗaga murya. Ƙofa ta rufe ta yi magana da 'yar uwarta. Ba zan ɗauki wannan in zuba a aljihun kowane mai waya ba.

Ranar Juma'a da hantsi sai ga abokina ya hawo dutse yana haki, 'yar tana biye da shi da ledar dabino. Mace ce babba, mai 'ya'ya uku. Tun tana rarrafe na san ta. Ta shiga wajen matata suka gaisa, sannan ta zauna a bakin labule. Ammi take kirana, wato baffa da Larabci, ubanta kuma Abuya.

"Ya Ammi, ban zo karɓar komai ba," ta ce. "Abuya ya ce ka ƙi. Na zo in ji dalili."

Na gaya mata labarin tsohuwar nan. Gajere na yi shi.

Ta ce ita ma ta ga wannan, kuma shi ya sa ta daɗe ba ta fara aikin ba. Hausarta tana ɗingishi, in ta rasa kalma sai ta ɗauko ta Larabci, amma na gane ta. Ta ce a wajen karatunta ne aka nuna musu yadda wasu mutane suka yi a Ostareliya. 'Yan asalin ƙasar ne, baƙaƙe, suna zaune a ƙauyuka can cikin daji, nesa da birni. Shekara da shekaru baƙi suna zuwa suna ɗaukar hotunansu da waƙoƙinsu suna tafiya da su. Daga baya suka ce a dawo musu da kayansu. Aka yi musu ma'ajiya a kwamfuta, a ajiye ta a ƙauyen, su ne masu ita. Tsofaffi su zauna su ce wannan wane ne, wannan wance ce. Kuma ba komai ne kowa yake gani ba. Abin mata, namiji ba ya buɗewa. Abin maza, mace ba ta buɗewa. In mutum ya mutu sai a rufe hotonsa da muryarsa, sai ranar da danginsa suka ce a buɗe.

"Musulmi ne?" matata ta tambaya daga ciki.

"A'a, Khala. Amma suna da kunya."

"Ai kuwa sun fi wasu."

'Yar abokina ta ce irin wannan suka yi ita da ƙawayenta. Ba a intanet yake ba. Yana cikin kwamfuta ɗaya, da kwafi biyu a gidaje biyu. Duk abin da mutum ya kawo, shi zai faɗi wanda zai ji. Akwai tsofaffi uku maza da uku mata daga unguwar da suke sa ido.

"Mabuɗin yana hannun wa?" na ce.

"Naka yana hannunka."

"In na mutu?"

"Wanda ka ce."

"In ke kika mutu?"

Abokina ya ce, "A'uzu billahi, 'yar tawa?"

Ita ba ta ji haushi ba. Ta ce an rubuta komai, kuma ƙawayenta da tsofaffin nan sun san yadda ake yi.

Na ce na ji, kuma ban yarda ba.

"Tayyib," ta ce. "To bari in gan shi kawai. Ba zan fita da shi ba. In gaya maka yadda za ka ajiye shi a sabon gida."

Wannan ban ga laifinsa ba. Gaskiya ma so nake ta ga yadda na riƙe shi. Na ɗauko gwangwanin na buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin. Na warware ɗankwalin na miƙa mata.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta juya shi. Ta kai hanci. Ta ɗaga shi wajen hasken ƙofa ta daɗe tana kallo. Ta sa ɗan yatsa a ramin ta gwada juyawa a hankali, bai motsa ba.

"Ya Ammi, me kake sa masa?"

"Udu. Mai kyau. Ba na arha ba."

"Tun yaushe?"

"Duk Sallah."

Ta kalli ubanta. Shi da bakinsa ba ya rufuwa, ya yi shiru. A nan na san akwai matsala.

Ta yi mini bayani a hankali. Muryar tana kan zaren ne, a wani abu mai launin ƙasa da aka shafa masa. Mai ya shiga ta gefe ya jiƙa zaren. Zafin Makka ya dafa shi. Zaren ya manne da juna, kuma inda man ya ci, wannan launin ƙasan yana saɓulewa. Ta ce wani ɓangare ya riga ya tafi. Abin da ya rage, in aka bar shi, zai bi shi, ko da shekara biyu ko da biyar.

Na tambaye ta ko rakoda ce za ta yi masa wannan ɓarnar da na saka shi tun farko.

"Da wuya," ta ce.

Shekara talatin ina tsare shi daga na'ura, ashe ni ne abin tsoro.

Ta ce za ta iya gwadawa. Sai an kwance shi, an warware zaren da hannu, an goge, an mayar da shi cikin wani gidan kaset mai kyau. Zai iya tsinkewa. Wataƙila sau ɗaya kawai zai yarda ya bi ta na'ura. Ba ta yi mini alkawarin komai ba. Wannan ne ya sa na fara yarda da ita. Duk wanda ya taɓa cuta ta a duniya, da alkawari ya fara.

Kwana biyu ina ɗaure kaya ina juya maganar. In na bar shi, zai mutu a hannuna ban ji ba. In na bayar, zai iya mutuwa a hannunta a yini ɗaya. A rana ta biyu matata ta yi mini magana, tana naɗe tabarma.

"Malam, ni ban taɓa jin muryar surukata ba," ta ce. "'Ya'yanka ma haka."

Ta ci gaba da naɗe tabarmarta.

Washegari da safe na sa gwangwanin a aljihun gaba na hau mota zuwa Utaibiyya. Na gaya wa 'yar abokina sharaɗi biyu. Ina zaune za a yi komai. Kuma ba wanda zai ji kafin ni.

"Har ni?" abokina ya ce.

"Musamman kai."

A ɗakin baƙinsa ta shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur. Ta kwance ƙusoshi biyar ƙanana ta jera su a murfin kofi. Da ta ɗaga murfin kaset ɗin, na ga zaren ya yi baƙi a gefe yana ƙyalli. Ta fara ɗaga bakinsa da wani ɗan tsinke, tana jan sa kaɗan kaɗan, tana bi da auduga. Audugar farko ta fito da launin ƙasa.

"Wannan datti ne?" na ce.

Ba ta ɗago ba. "A'a, Ammi."

Ban sake tambaya ba. Na zauna ina kallon maganar mahaifiyata tana fita a jikin auduga, ana ajiyewa a faranti. Na ga mutuwa iri iri a hanya da kuma lokacin aikin Hajji. Irin wannan ban taɓa gani ba sai ranar.

Safiya uku muka yi. Takan gama da yaranta ta zo, mu zauna har Azahar. Da fensir take juya zaren, a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Abokina yana shigowa da shayi yana ba ni labarin mutanen da ban sani ba, ina jin sa kamar ƙarar fanka. A rana ta biyu zaren ya tsinke. Na miƙe tsaye. Ta ce in zauna. Ta haɗa bakin biyu da wani ɗan siririn abin liƙi, ta ce kalma ɗaya ko biyu ce za ta faɗi a nan. Bayan wannan wurin audugar ta fara fitowa da tsabta. Man bai kai ciki sosai ba.

A rana ta uku ta mayar da zaren cikin sabon gida. Ta haɗa wata rakoda da kwamfuta. Ta sa mini abin ji a kunnuwa biyu, irin mai rufe kunne gaba ɗaya. Ta ce ita ba ta bukatar ji, za ta ga muryar tana tashi tana sauka a jikin gilashin. Ta kori ubanta. Ta juya kujerarta ta ba ni baya. Ta ce, "Bismillah," ta danna.

Da farko ba komai sai shuu, kamar iska a bututu. Ya daɗe. Sallamar da na taɓa ji ta tafi. Sunan ƙanwarta ya tafi. Duk abin da ta fara faɗi, turarena ya cinye. Sai murya ta fara zuwa tana ɓacewa, kamar mai magana a bayan bango. Sai ta fito sarai.

Tana tsakiyar isar da gaisuwa. Na manta haka ake yi. In mace ɗaya ta samu rakoda, duk maƙwabta sai su ba ta saƙo, don ƙanwar ta isar wa danginsu in an haɗu a kasuwa. Daga gindin dutse ta fara, gida gida, har sama wajen tankin ruwa. Ta faɗi sunan mai gida, ta faɗi na matarsa, ta faɗi garin da suka fito. Wannan mutumin Katagum ne, an yi masa haihuwa. Wannan ta Damagaram ce, idonta ya yi sauƙi. Waɗannan na Sakkwato ne, a gaya wa uwarsu suna nan da rai. Ina zaune ina hawa lungunmu da kunne. Rabin mutanen na manta da su. Kusan duka sun mutu.

Da ta gama sai ta yi dariya. Ta ce ƙanwar ta roƙe ta bara ta yi mata waƙar niƙan da uwarsu take yi, don yanzu inji ya zo garin, ba mai durƙusawa a dutsen niƙa. Ta ce, "Ki rufe ƙofa kafin ki ji wannan." Ta yi waƙar. Ban taɓa sanin mahaifiyata tana waƙa ba.

Na ji ƙarar murfin tukunya. Sannan ta zo kaina.

Ni ɗan fari ne. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabo na ba, ko hira ba ma yi. Haka al'adarmu take, ban taɓa ɗaukarsa komai ba. A kaset ɗin ma ba ta kira sunan ba.

"Wancan kuwa yana nan," ta ce. "Ba ya magana, kin san shi. Tsakiyar kansa ta yi gyambo saboda katakon gadon nan. Yana rufewa da hula har a cikin ɗaki, wai kada in gani. Ni ma sai nake yi kamar ban gani ba. In ya shiga wanka sai in shafa man kaɗanyar da kika aiko a cikin hular. Yana tsammani zufa ce. Ki ƙaro man in kin samu mai zuwa. Ki sa shi a addu'a. Shi kaɗai aka bar mini, kuma ban rasa komai ba."

Daga nan ta koma maganar wata akuya da suka bari a gida.

Na bari har fuskar ta ƙare, aka juya, na ji amsar ƙanwar ita ma har inda man ya cinye ƙarshenta. Na cire abin kunnen na ajiye. 'Yar abokina ba ta juyo ba. Ta ce, "Ya shiga duka, Ammi. Yana nan." Na fita na tsaya a matakala ina kallon bango. Can abokina ya leƙo. Ya dube ni.

"Shayi?" ya ce.

"Shayi."

Bayan Azahar ta tambaye ni yadda nake so a yi. Ta ce in na ga dama ta ba ni kwafina ta share nata, ba wanda zai ce komai. Na ce a raba shi uku. Gaisuwar gida gida ba tawa ba ce, ta mutanen dutsen ce, duk wanda ya fito daga can ko jikansa ya zo ya ji. Waƙar kuwa mahaifiyata ta ce a rufe ƙofa, to a rufe, mata kawai. Ni ma da na ji, kuskure ne, ba zan sake ba. Na ukun nawa ne. In na mutu a buɗe wa 'ya'yana.

Ta rubuta, ta karanta mini, na dangwala yatsa. Ta ce in zaɓi lambar sirri. Na ce ba na riƙe lamba. Ta ce to in faɗi wata kalma da ba zan manta ba. Na faɗa mata a hankali, ta sa.

Da ta saurari gaisuwar daga baya, sai ta kira ni a waya. Ta ce gida ashirin da shida ta ƙirga, da sunaye da garuruwa, a jere yadda suke a lungun. Ta ce ba wata takarda a duniya da take da wannan. Ni ban san da haka ba. Gaisuwa ce kawai.

An rushe gidanmu a lokacin da suka faɗa. Ban je kallo ba. Yanzu in ka bi ta wajen ba za ka ce an taɓa kwana a wurin ba. Mutanenmu suna Rusaifa, suna Jidda, wasu an mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Amma lokaci lokaci wani yakan zo gidan abokina ya ce an gaya masa akwai sunan kakansa a wani kaset. A sa masa abin kunne. Wata mata ta zo daga Jidda, ta ji an ce ubanta mutumin Katagum ne, an yi masa haihuwa. Ita ce haihuwar. Ta aiko mini da kwalbar turare. Abokina ya ce in ba shi ya ajiye, ni ba a bar mini turare a hannu.

'Ya'yana mata da uwarsu sun je sun ji waƙar. Hausar ƙaramar ba ta kai ta gane rabi ba, amma ta dawo tana yin amon a kicin. In na ji ta fara sai in fita. Matata ta taɓa tambaya ta me tsohuwa ta ce a kaina. Na ce ta ce ba na magana. Ta ce wannan ai ba sai an kwance kaset ba.

Ni ba mai yawan godiya da baki ba ne. Wannan ma 'yata ce take rubutawa ina faɗa, kuma ta ce ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa ji daga gare ni. Amma ina so a sani. Na gode wa yarinyar nan da ta juya mini baya a lokacin da ya kamata. Na gode wa ubanta da bakinsa. Na gode wa mutanen dajin nan na can nesa, waɗanda ban san yarensu ba, su ma ba su san akwai ni ba. Da ba su tsaya a kan cewa ba kowace murya ce ta kowa ba, da ban miƙa tawa ba. Allah ya tsare musu na iyayensu.

Abin da na koya kaɗan ne. Riƙe abu da ƙarfi ba ya nufin ka iya riƙe shi. Minti huɗu na farko sun tafi, ni na kashe su da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya. Ban san me ta faɗa a ciki ba, ba zan taɓa sani ba. Na daina jin zafin wannan sosai. Abin da ya rage a kaset ɗin ya fi abin da na cancanta.

Sau ɗaya a shekara nake zuwa in ji nawa ɓangaren. Bara ina zaune da abin kunnen sai lissafi ya zo mini. Lokacin da ta yi maganar nan ba ta kai hamsin ba. Ni yanzu na haura sittin, gemuna fari fat, ina da jikoki bakwai. Na girme ta da nisa. Amma in ta ce wancan yana nan, sai in gyara zama.